Sunan da Ba Na Kira

Litinin, 20 ga Yuni, 1977, bayan azahar

Agogunan da ke kan teburina kowanne da nasa ra'ayin, shi ya sa na rubuta bayan azahar. Ita dai ba a gardama da ita.

Yaya Isyaku ya zo daga Tarauni a kan kekensa, bai ko jingine shi ba ya ce mini, "Ƙasimu, ɗanka zai ajiye aiki." In yaron ya yi abin arziki "ɗana" yake cewa. Yau an dawo mini da kayana. Gaskiya kuwa nasa ne, shi ya riƙe shi tun yana shekara shida, bayan abin da ya sami uwarsa Asabe. Ga shi ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi magana ido da ido ba, yadda mahaifinmu ya yi wa Yaya haka na yi masa. Injiniya nake ce masa. Kafin ya zama injiniya ina ce masa "wancan".

Wai ya nemi shiga jami'a a Badun, digiri na biyu. Na ce madalla, gadar ce za ta ƙara tsawo. Yaya ya ce ba gada ba ce, ba kwalbati ba ce, wani karatu ne dabam, na abin da ke cikin kan mutane. Na ce kwarkwata? Bai yi dariya ba.

Ni da na tsaya a aji huɗu na elementare, na ɗauka karatu kamar gini yake, bulo a kan bulo. Ban san ana kai shi linta a bar shi, a je a haƙa sabon tushe a filin wani ba.

Talata, da hantsi

An kawo agogon da ruwan jiya ya shiga. Na buɗe, na duba, na rufe, na miƙa wa mai shi. Sai da ya sha kwana na tuna ban gyara ba.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan magariba

Injiniya ya zo gaisuwa. Muka yi yadda muka saba: shi a durƙushe a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ni ina kallon rediyo, Indo a tsakiya tana tankaɗe. Indo ita na aura bayan Asabe, kuma tun daga lokacin ita ce gidan wayarmu.

Ya ce, Inna, ki gaya wa Baba an kira ni intabiyu ran Litinin, sha ɗaya ga watan gobe. Indo ta juyo ta gaya mini kamar ba a gabana aka faɗa ba. Na ce ki ce masa Allah ya taimaka, ki kuma tambaye shi kwalbatin bakin layinmu wa zai bar wa, ruwa har zaure yake shigo mana ya gaishe mu. Ya ɗan murmusa. Ya ce ki gaya wa Baba tunda ba fannin da na karanta ba ne, sai sun gan ni da idonsu sun yarda ba wasa nake ba.

Ta gefen rediyo na saci kallonsa. Ya rame. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Silifas ne a ƙafarsa, mutumin da ake jiyo ƙarar takalminsa tun daga titin Zariya.

Da ya tafi Indo ta ce, Malam, ka ga idonsa? Na ce ni rediyo nake kallo.

Juma'a, 24 ga Yuni, bayan an sauko

Mun taho tare da Yaya daga masallaci. Ya ce fitilar ɗakin Injiniya ba ta mutuwa sai an kira asuba. Ya ce takalminsa kuwa yana ƙafar Lawan. Duk wanda ya san kasuwar Tarauni ya san Lawan, wanda ke kwana a rumfar ƙarshe, yara na jifansa, yana ba motoci hannu ko babu mota. Wai kullum in Injiniya ya tashi daga ofis sai ya je ya zauna da shi a ƙasa, yana tambayarsa yana rubutawa.

Na ce wataƙila Lawan ne zai rubuta masa takardar shaida zuwa Badun.

Yaya ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce, "Haka ka yi wancan karon. Kana ta ba mu dariya har aka makara."



Asabe da tukwane ta fara. Ta bi gida-gida tana rabarwa, tana murna, ana ta sa mata albarka. Daga nan barci ya ɗauke mata.

Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, da la'asar

Na shiga wajen Adewale mai kemis, maƙwabcin shagona. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Na ce wani mai kawo mini gyara ne ɗansa yake son barin injiniya ya koma kaza da kaza. Ya ce, Baban Injiniya, mai kawo gyaran nan hancinku ɗaya ne? Na ce shi nasa ya fi kyau.

Ya ce karatu ne na gaske, saikoloji ake ce masa. Wanda ya gama yakan yi aiki tare da likitoci a asibitin masu taɓin hankali, akwai babba a ƙasarsu. Ya ce sauya fanni ba baƙon abu ba ne, ɗan yayarsa lissafi ya karanta, yau lauya ne. Na ce mai lafiya zai bar ofis da albashin gwamnati ya je ya zauna da irin su Lawan? Ya ce ai sai mai lafiya ƙwarai.

Har na fara jin iska. Sai ya ce, yana barci dai ko? Na ce a'a. Yana cin abinci? Na ce ya rame. Adewale ya yi shiru, ya shiga jera kwalaben da dama a jere suke.

Duk maganar da ya yi na bar ta a shagon. Shirun na kawo gida.

Litinin, da asuba

Ya Allah, ba don halina ba.

Talata, 28 ga Yuni, bayan magariba

Na rufe shago da la'asar na tafi Tarauni a ƙafa ta cikin gonaki, gero ya kai gwiwa. Dattijo da furfura, uban injiniya guda, na laɓe a bayan buhunan mai hatsi. Wata mai daddawa ta yi ta kallona, ta kasa gane ɓarawo ne ko zawarci na zo. Don ta bar ni na sayi daddawar da ba a aike ni ba.

Ga su can. Injiniya ya zo da buta da sabulu da auduga. Lawan ya miƙe ƙafa kamar hakimi, takalmi ɗaya a ɗaya ƙafar, ɗayan ya rungume shi a ƙirji. A idon sawunsa akwai wani zobe na tabo, gefe guda ya ɗanye, ƙudaje na bi. Injiniya yana wankewa a hankali. Lawan yana ba shi labarin yadda yake tare ruwan sama kada ya wuce Hotoro. Shi kuwa yana saurare da dukkan fuskarsa. Ban san haka fuskarsa take ba in yana saurare. Ina zan sani, ni da rediyo.

Ya tambaye shi wa ya sa masa marin ƙarfe a ƙafa, har tsawon yaushe. Lawan ya ce dangi ne, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai na ji Injiniya ya ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Mahaifiyata ma a nan nata yake. Ƙafar hagu."

Sau ɗaya aka je da shi ƙauyen da aka kai uwar tasa. An bar shi a waje wajen awaki. Shekara ashirin ina gaya wa kaina wasa yake da awaki.

Lawan ya ɗaga hannu ya nuna buhunan ya ce, ga wani can a laɓe, shi ma a duba shi. Ban tsaya na ga ko an juyo ba. Daddawar ma a can na bar ta.

Laraba, da hantsi

Abin da na gani jiya na alheri ne ko na tsoro ne? Na juya shi gaba, na juya shi baya. Mutum mai wanke gyambo da sabulu bisa tsari haka, ai da hankalinsa.

Amma Asabe ma a farkon abin ta fi kowa tausayi a Gyadi-Gyadi.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Yaya ya zo. Yau ya jingine keken, ya zauna a bencin masu jira, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da na ga haka na ajiye abin da ke hannuna.

Ya je ƙauyen su Asabe, can bayan Wudil. Tsohon malamin da aka kai ta wajensa ya rasu, ɗansa ya gaje shi, gidan dai shi ne. Na ce turun fa? Ya ce yana nan. Gungumen icen nan mai rami, a zura ƙafa a kulle. Ya ce a kai Injiniya can, ba daɗewa za a yi ba, wata ɗaya ko biyu, rubutu da hayaƙi, tun abin yana ɗanye. Ya ce, ka bar shi ya tafi garin da ba wanda ya san ubansa, abin ya tashi masa a can, ya tuɓe ya shiga titi, wa zai yafa masa zane? Wa zai kawo mana shi?

Sai ya fashe da kuka. Yaya, wanda ko ranar da muka binne mahaifinmu bai yi ba. Shi ya riƙa goya yaron nan a keke zuwa makaranta, ruwa da rana. Ba maƙiyinsa ba ne. Da maƙiyinsa ne da na samu sauƙi.

Ga rabona a ciki. Ya ce in shi ya ce a shiga mota yaron ba zai shiga ba, ya fara lura. Amma ni ban taɓa roƙonsa komai ba. In aika a ce ina so mu je mu ziyarci kabarin uwarsa kafin ya yi tafiya. Asabar ta sama, da sassafe, a ce masa za mu dawo da la'asar, jirgin Badun sai magariba.

Na ce agoguna sun yi mini yawa a makon nan. Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Ni na raine shi, ni ke da magana. Kai aike kawai za ka yi."

Juma'a, 1 ga Yuli

Ban aika ba.

Asabar, da azahar

Ban aika ba. Indo ta ce tuwon jiya da na shekaranjiya suna gaishe ni.

Lahadi, 3 ga Yuli, bayan isha'i

Yaya ya dawo tun da safe. Ya ce jiya ya tsaya a bakin tagar Injiniya, ya ji shi yana Turanci da murya biyu. Ya yi tambaya da murya mai kauri, ya amsa da tasa, ya kuma yi dariya. Shi kaɗai a ɗakin.

Murya biyu.

Na kira Indo na gaya mata saƙon. Kabari kawai na ce, ban ce komai ba bayan kabari. Ta dube ni, ta daɗe, ta ce Malam, yaushe rabonka da ambaton kabarin nan? Na ce tsufa ne, yana sa mutum zumunci da na ƙasa. Ta ce bakinta bai so ɗaukar wannan aike ba. Amma ta yafa gyale ta tafi.

Ta dawo kafin magariba. Na ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi, ki gaya wa Baba to.

To. Shi ke nan.

Litinin, da hantsi

Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga hannu, Baban Injiniya, an tashi lafiya? Ina cewa lafiya lau. Wani direba ya ce yau ba labari? Na fara ba shi na mutumin da ya kawo mini agogon bango ya ce yana gudu da rana yana hutawa da dare. A tsakiya na manta ƙarshensa. Labarin da ni na ƙirƙira.

Laraba, 6 ga Yuli, bayan azahar

Na ce ba zan rubuta ba. Bari in rubuta wannan kaɗai.

Ranar da na je ganin Asabe, ɗakin ba taga. An share shi tas, ban ce ba a kula da ita ba. Tana zaune a kan tabarma, ƙafar a cikin icen. Ta gane ni. Ta tambayi ko na ci abinci. Sannan ta ce, "Ƙasimu, kai da kake gyaran agogo, ƙarfe nawa za a buɗe ni?"

Na ce an kusa.

Kafin kaka aka aiko ta rasu.

Yaya yana cewa an makara ne wajen kai ta. Mai yiwuwa. Shi ya fi ni karatun addini, ya fi ni shekaru, ya fi ni komai ban da surutu.

Alhamis, 7 ga Yuli, bayan magariba

Na tafi Tarauni da niyyar in ce a fasa. Tun daga gida nake haddace maganar, har na kai ƙofa ban yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba.

Na sami Yaya a ɗakinsa ya baje abu a kan buzu. Marin da za a sa wa yaron a hanya ne, sabo daga maƙera. Ya yayyaga tsohon rawaninsa yana naɗe zoben da shi, a hankali, zagaye bayan zagaye, yana gwadawa a nasa hannun. Ya ce kada ya ji masa ciwo, ka san fatarsa ba ta da ƙwari tun yana yaro.

Na tsaya. Na ce masa kekensa na bukatar mai, tun daga Gyadi-Gyadi ake jin kukansa. Ya ce to. Na ce sai Asabar. Ya ce sai Asabar.

Wannan shi ne jarumin da Allah ya ba yaron nan a matsayin uba.

Juma'a, bayan la'asar

Injiniya ya kawo jakarsa ya ba Indo ajiya, don in mun dawo gobe ya wuce tasha daga nan. Ya ce, Inna, ki gaya wa Baba na gode da ya tuna da ni a tafiyar nan.

Na kafa wa rediyo ido. Sai bayan ya tafi Indo ta ce mini ai ba a kunne take ba.

Asabar, 9 ga Yuli, bayan isha'i

Duk wanda ya ga rubutun nan zai ce kaza ce ta bi ta kan takarda. Amma zan rubuta tun yana da ɗumi.

Ana sallame sallar asuba a-kori-kura ta shigo layinmu. Yaya a gaba da direba, ƙarti uku a baya, wai dangin Asabe ne za su raka mu. Ban taɓa ganin dangin Asabe masu irin wannan damtse ba. Akwai tamfol a shimfiɗe. Da motar ta faɗa ramin kwalbatin nan namu, wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Duk da rawanin.

Sai ga Injiniya a kan babur ɗinsa Besfa, cikin farin kaftani, da ƙullin goro na mutanen ƙauye. Ya durƙusa ya gaishe da Yaya. Ya bi ƙartin ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu. Ni ya gaishe da ƙasar da ke kusa da ƙafata, na amsa wa bangon maƙwabta. Yaya ya ce ya hau baya tsakanin mutanen, ya fi iska. Ya ce to.

Ya kama ƙarfen motar, ya ɗora ƙafa a kan taya. Ta hagu. Wandon ya ɗage, na ga idon sawunsa, siriri, ba tabo ko ɗaya.

Na juya in ce Indo ki gaya masa. Ba Indo. Tana ciki ta turo ƙofa, ta ce ba za ta kalla ba. Na duba dama, na duba hagu. Duk faɗin Gyadi-Gyadi babu wanda zan ce ya gaya masa.

"Inuwa."

Muryar da ta fito kamar ta akuyar da aka taka. Amma ta fito. Ya tsaya da ƙafa a kan tayar. Ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Ashe idon Asabe ne da shi sak, ba wanda ya taɓa gaya mini.

"Inuwa, sauko. Kada ka shiga motar nan."

Ya sauko.

Yaya ya buɗe ƙofa ya ce, "Ƙasimu, ba ka da kunya?" Na ce yanzun nan ta ƙare, Yaya, a gabanka. Ɗaya daga cikin ƙartin ya miƙe tsaye. Sai ga Indo ta fito da taɓarya, wai daka za ta yi, a bakin titi, ba turmi. Masu dawowa daga masallaci suka fara tsayawa. Ƙaton ya duba jama'a, ya koma ya zauna.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In ya tuɓe a titin Badun, kai za ka je ka ɗauko shi."

Na ce ni zan je.

Ya ce, "To ka riƙe abinka." Bai dubi yaron ba, ina jin da ya dube shi ba zai iya tafiya ba. Motar ta juya, ta sake faɗawa ramin, abin ya sake ƙara.

Yinin nan a shagona Inuwa ya yi shi. Ba mu san yadda ake yi ba, ni da shi. Na ce ga benci. Ya ce na gode. Na buɗe masa cikin wani agogo na nuna masa, kamar ɗan shekara shida. Ya duba sosai, ya ce ashe ƙananan abubuwa ne haka.

Da la'asar ya ɗauke ni a bayan Besfa zuwa tashar jirgi, jaka a tsakaninmu. Ban taɓa hawa ba. Da muka shiga wani rami na rungume shi ba shiri. Haƙarƙari ne zalla.

A tasha na tambaye shi, kai tsaye, da bakina. Murya biyun fa? Ya yi dariya, ya ce gwajin intabiyu yake yi, shi ne farfesa shi ne ɗalibi, kuma farfesan ba ya raga masa. Rashin barcin fa? Ya ce abin da wasu suka karanta a shekara uku yake son ya cimma kafin Litinin. Lawan fa? Ya ce za su tambaye shi me injiniya ya sani game da mutane, yana so ya ce ya zauna da mutum ɗaya ya saurare shi. Ya ce abin da ya kama mahaifiyarsa yana da suna, ana karanta shi, wasu ma ana yi musu magani su koma gida da ƙafarsu.

Komai da amsarsa. Asabe ma komai nata da amsarsa yake. Wannan ban faɗa masa ba.

Jirgi ya yi kuka. Ya ɗauki jaka, sai ya ce, "Baba, na ga marin tun ran Alhamis. Na ga Baba na Tarauni yana naɗa masa rawani."

Na ce to me ya kawo ka?

Ya ce, "Kai ka aiko. Ba ka taɓa aikowa ba."

Ban samu abin dariya da zan faɗa ba. Na laluba ko'ina, babu.

Ta taga ya ce mini buta da sabulu da auduga suna wajen mai hatsin nan da na laɓe a bayansa. Ashe ya gan ni. Ya ce gyambon ba ya son a tsallake kwana biyu.

Besfar kuwa sai da jirgi ya ɓace na tuna ban iya ta ba. Turo ta na yi tun daga tasha har gida. Duk wanda ya tambaya na ce mai nake tattali.

Lahadi, da hantsi

Mutumin da ya ga mari da idonsa, ya sa farin kaftani ya zo da goro. Wannan hankali ne ko rashinsa? Na tambayi Indo. Ta ce ɗa ne.

Yaya bai aiko ba. Na tura masa da gaisuwa, an ce ya amsa da ka.

Litinin, 11 ga Yuli, da safe

Yau ne. Ban san ƙarfe nawa ba, ban tambaya ba, ni mai agogo. Duk wanda na duba a kan teburin nan sai in ce ko yanzu ne yake gaban farfesan gaske.

Allah ka sa ya yi barci jiya. Ko bai ci intabiyun ba. Barcin kawai.

Litinin, bayan magariba

Na tambayi Adewale titunan Badun suna da yawa? Ya ce me ya sa. Na ce kawai. Ya ce suna da yawa ƙwarai, Baban Injiniya, amma akwai mutane a kansu. Ya rubuta mini sunan unguwar yayarsa, na sa a hula.

Talata, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Ba labari. Ba a isa a ji ba tukuna, in ji Adewale. Tsoron yana nan inda yake, ya samu wajen zama, har ya fara yi mini gyaran murya in na yi dariya.

Na riga na tsallake kwana biyun, yau na je. Mai hatsi ya miƙo mini butar. Mai daddawa ta ce yau kuma a fili aka zo? Na ce an gaji da zawarcin ɓoye.

Na tsuguna a ƙasa, tsakiyar kasuwar Tarauni, inda kowa zai gani ya kai wa Yaya. In ya ji, motar Asabar mai zuwa tawa ce. Ko ba komai rawanin yana naɗe.

Lawan ya ƙi miƙo ƙafar. Ya rungume takalminsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ba kowa ke taɓa shi ba. Ya ce, kai na bayan buhu, wa ya aiko ka?

Na ce Inuwa.

Ya ce wane ne haka?

Na ce ɗana ne. Na fari.

Ya miƙo ƙafar.